Ɗakin Karatun Malam

Tun da Allah Ya karɓi ran Malam, Inna ba ta yarda an buɗe ɗakin karatunsa ba. Ta rufe taga, ta lulluɓe kantar littattafai da zane, ta ɗaure makullin a bakin zaninta. A ganinta wannan shi ne girmama ilimi. Malam ya bar wasiyya a ba jikansu littattafan idan ya kammala karatu, ita kuwa ta riƙe amanar da hannu biyu.

Da tsufa ya danne ta, ɗanta ya shawo kanta a sayar da gidan ta koma wurinsa. Mai saye ya gindaya sharaɗi guda: sai an duba ko akwai gara.

Mai duba ya zo da hantsi. Ya bi gidan yana ƙwanƙwasa katako da ƙotar sukudireba, yana kasa kunne.

"Ɗan nan, sallama kake yi wa garar?" in ji Inna.

"Ai ita ba ta amsa sallama, Inna. Katakon ke tona mata asiri. Wanda ta cinye cikinsa sai ya yi ƙara kamar ganga."

Kicin lafiya, falo lafiya. A ƙofar ɗakin karatu ya tsuguna, ya ga siririyar hanyar ƙasa ta haura bango.

"Nan fa?"

"Ba a shiga. Ko iska ba ta taɓa abin da ke ciki ba."

Ya sunkuyar da kai. "Abin da gara take so ke nan, Inna. Duhu, da inda ba a motsa komai."

"Inna, ki yi haƙuri ki buɗe," in ji ɗanta. "In bai ga ko'ina ba, ba zai sa hannu ba."

Ta yi bisimilla ta buɗe. Warin danshi ya tarye su. Ta yaye zanen, ga littattafai jere kamar yadda Malam ya bar su, har ta fara hamdala. Da ta jawo babban tafsirin da ya fi so, sai bangon littafin kaɗai ya biyo hannunta. Cikinsa ƙasa ce, fararen ƙwari suna gudun haske. Ta jawo na kusa da shi, haka. Na gaba ma haka. Bayanan da Malam ya shafe shekaru yana rubutawa a gefen shafuka duk sun tafi.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce. "Ni na rufe su da hannuna."

Mai duba ya ce gara ba ta kai ga rufin gida ba. A fitar da kantar, a yi feshi, ciniki ba zai lalace ba. Inna ba ta ji rabin maganarsa ba.

"Kada ka fesa komai tukuna. Akwai sunan Allah a cikin ƙasar nan."

Ta je ta yi alwala, ta dawo da farin ƙyalle mai tsabta. Ta durƙusa da ƙyar, tana tsince guntayen takarda ɗaya bayan ɗaya, wani ɗauke da rabin aya, wani da harafi guda. Ɗanta ya cire takalmi ya durƙusa kusa da ita.

"Bari in kira jikan naki in sanar da shi," ya ce a hankali.

"A'a," in ji Inna, hawaye na zuba a kan ƙyallen. "Ni aka ba amana. Da bakina zai ji."