Zanen da Ya Karkace

Almakashi na hannun mai ɗinki, amma ta kasa sa shi. Zanen da ke shimfiɗe a teburinta na matar wani tsohon direba ne, wadda ta rasu bara. Ɓera ya ci bakinsa biyu, surukar tsohon kuma ta datse wurin a karkace, bakin biyu duka suka kwanta gefe guda kamar ƙofar da ta saki. Shi kuwa tsoho abu ɗaya ya roƙa: a yi wa jikarsa mayafin da zai rufe ta daga kai har ƙafa.

Ta gwada, ta sake gwadawa. In ta daidaita bakin nan biyu, taƙi guda zai tafi, ƙafar yarinya a waje.

"Mama, gefe ɗaya kawai za ki yanke," in ji Auta, wadda shigowarta ke nan daga makaranta, ko takalmi ba ta cire ba.

"Ke, rufa mini asiri! Wannan ba takardar jarabawa ba ce. In na ɓata shi, ina zan samo wani? Mai shi ta tafi."

Auta ta ɗauki alli, ta ja layi daga kusurwar sama ya sauko sak. "Wannan yankin za ki kai wancan ƙarshen. Malamin lissafi ya ce girman abu tsawo sau faɗi ne, ko abu ya miƙe ko ya karkace. Ba abin da ya ragu, wuri kawai zai sauya."

Ji yarinya, wadda har yau ba ta iya zura zare a allura ba! Amma layin nan ya ƙi barin idon uwar. Ta yi bismillah, ta yanka. Ta kai ƙyallen ɗaya ƙarshen, sai ya zauna cif, kamar dama can gidansa ne.

Shekara da shekaru tana zubar da irin wannan kusurwa a buhun tsumma! Ta dubi zanen, ta dubi 'yarta, har wani kwarjini yarinyar ta yi mata.

"Ikon Allah," ta ce a hankali.

Da tsoho ya zo karɓa, ya warware mayafin, yatsansa ya bi ɗinkin har ƙasa.

"'Yata, nawa kika rage a jikinsa?"

"Ko zare ɗaya, Baba. Duk yana nan."

Ya daɗe bai ninke shi ba.