Tartsatsi a Kwanar 'Yan Goro

"Ba zan kwantar da shi ba," in ji Kausara. Ta kashe babur ɗin, ta kafa ƙafarta a kwalta.

Sha'aban, ciyaman ɗin ƙungiyar 'Yan Walƙiya, ya zare tsinken sakace daga bakinsa ya dube ta kamar bai ji daidai ba. Samari kusan ashirin ne zaune a kan baburansu a bakin titi, kowa da wayarsa a hannu, suna jiran su ɗauki mace ta farko da za ta sa hannu a kwanar 'yan goro.

Haka suke kiran abin, sa hannu. Duk wanda zai shiga ƙungiyar sai ya taho a guje daga wajen masallaci, ya faɗa kwanar, ya kwantar da babur har ƙarfen matakin ƙafa ya karci kwalta ya fitar da tartsatsi. Kwaltar wurin duk ta yi zane-zane, kuma kowa ya san nasa.

"Madam Foli," in ji Sha'aban, "ba lacca muka zo ji ba. Moto ne, kwana ce. Kwanta ki tashi, mu tafi."

"Ciyaman, dubi ƙasa mana. Ga ruwan da 'yan goro suka wanke kayansu yana bin titi, ga yashi a gefen gwata. Ga kwantenar can ta tare, ba ka ganin mai fitowa."

"Ei! Ta karanta titin ma!" wani ya faɗa daga baya, aka fashe da dariya. "Chale, abokina, tsoro ne tsantsa koraa."

Taufiq bai yi dariya ba. Shi ne yayanta, shi ne mataimakin ciyaman, shi ya kawo sunanta bayan ya sha musu da su wata guda. Babur ɗin ma nasa ne. Ya miƙa mata makullin ranar da ta gama foli, wato kwalejin fasaha, ta sami aiki a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti a unguwar Ashanti New Town ta Kumasi, don ta huta da turmutsutsun trotro, ƙananan bas na haya. Ya matso kusa da ita, ya rage murya.

"Kausara, kar ki kunyata ni a gaban yaran nan."

"Yaya, ba don na kunyata ka ba ne."

"To ki ji. Saura mako biyu Babbar Sallah. Ran Sallah da la'asar sababbi za su sa hannu a gaban jama'a. In kin yi, kin shiga. In ba ki yi ba, ki ba ni makullina."

Ba Taufiq ne ya koya mata tuƙi ba, shi ba shi da haƙurin koyarwa. Baba Boukari ne, tsohon da ke haya a ɗakin ƙofar gidansu a unguwar Asawase. Mutumin Nijar ne, ya shekara talatin yana bin ƙauyuka a kan babur yana duba wa fatake shanu kafin a loda su zuwa Kumasi. Da ta ba shi labari washegari, yana shan koko a bakin ƙofa, bai ce ta yi daidai ba, bai ce ta yi kuskure ba. Ya lashe cokalinsa ya ce, "Lahadi da sahe ki sa hular kwanonki. Za mu tahi tabki."

Ran Lahadi suka bar gari hantsi bai gama fitowa ba, shi a gaba a kan tsohon baburinsa mai tanki duk lotsawa, ita a baya. Inda hanya ta fara gangarawa zuwa tafkin Bosomtwe ya tsaya, ya ce, "Bi ni. Kar ki dubi tayata. Dubi kaina."

Abin da ta gani a gangaren nan bai taɓa fita daga ranta ba. Mutumin da in zai tashi daga tabarma sai ya dafa bango, shi ne yanzu yake zuba kamar ruwa a kan dutse. Tun kwana ba ta iso ba fitilar birkinsa za ta kama, ta mutu, daga nan ba ta ƙara kamawa. Kansa zai juya tun kafin babur ya juya, haɓarsa ta nuna can inda hanya ta ɓuya a bayan itatuwa, sai babur ya sunkuya ya bi idonsa kamar dokin da ya san ubangidansa. Babu fizga, babu kukan taya. Rigarsa tana kaɗawa, ƙarar injin ɗaya tak daga farkon kwana har ƙarshenta, sannan ta ɗan ɗaga, babur ya miƙe da kansa. Dama, hagu, dama kuma. Ta cikin ganyaye tafkin yana bayyana yana ɓacewa, shuɗi, zagayayye, tsit. Kausara ta ji tsigar jikinta ta tashi. A foli an zana mata wannan abu a allo da kibiyoyi, ta kuma ci jarrabawarsa. Ba ta taɓa sanin yana da kyau haka ba. A cikin hular kwano ta ji bakinta yana ta maimaita subhanallahi.

A bakin ruwa ya kafe babur, ya kamo hannunta ya shimfiɗa tafin a kan tayar gaba.

"Kin ga wanga? Iyakar abin da ke taɓa ƙasa ke nan. Tahin hannu guda gaba, guda baya. Ke da moto da rayuwarki duk bisa nan kuke. In kin ce ma taya ta yi birki, ta yi. In kin ce ta sha kwana, ta sha. In kin ce ta yi duka biyu da ƙarhi lokaci guda, sai ta ce miki sai wata rana."

"To Baba, in abu ya fito mini ina tsakiyar kwana fa?"

"Kar ki dube shi."

Ta yi dariya. "Kar na dube shi?"

"Abin da kika kahe da ido shi za ki buga, ko gwata ne ko akuya. Nemi inda babu kowa ki dubi can. Sannan ki tura hannun moto na gehen da kike son zuwa. Dama kike so, tura na dama gaba."

"Ai in na tura na dama gaba, hagu taya za ta kalla."

"Ke da kika yi boko. Hau ki gwada."

Ta hau, ta ɗauki gudu a miƙaƙƙen wuri, ta ɗan tura hannun dama da tafinta. Babur ya zube dama nan take, da sauƙi, kamar abin da yake jira ke nan. Ta gwada hagu, haka. Ashe wata shida tana yin haka a kowace kwana ba ta sani ba. Ta dawo tana haki tana dariya.

Sai ya ce ta durƙusa ta dubi ƙarƙashin matakin ƙafarsa. Ta duba na dama, ta duba na hagu. Tsatsa ce kawai da busasshiyar laka. A na hagu akwai karta guda ɗaya, tsohuwa.

"Shekara talatin, sau ɗaya," in ji shi. "Wata babbar mota ce ta cinye mini hanya. Moto na iya kwanciya hiye da yadda nike kwantar da shi, ɗiyata. Rabi nike ci, rabi in aje. Ran da na buƙaci rabin nan, na iske shi."

Mako biyun nan ba su yi mata daɗi ba. Taufiq yana shiga gida yana fita ba ya ce mata uffan. Yaran ƙungiya in ta wuce sai su riƙa kaɗa hannu kamar masu tura amalanke. Mma, mahaifiyarsu, ta ce, "Ke dai ki yi masa sau ɗaya a huta." Kausara ta ci gaba da zuwa aiki, tana rage gudu kafin kowace kwana, tana juya haɓa kamar tsohon.

Ran Sallah da la'asar Zango, unguwar Hausawa, ya cika ya batse. Hayaƙin babbakar kan rago ya rufe lunguna, mata sun sha leshi, yara suna yawo da sababbin tabarau. Jama'a sun yi layi a bakin gwata, gefen waje na kwanar. Sababbi huɗu ne, Kausara ce ta farko. Ukun da ke bayanta ko wata biyu ba su yi da fara hawa ba, ɗaya ma da silifa ya zo.

Ta riga ta yanke shawara. Za ta bi kwanar yadda take bin ta kullum, ta tsaya, ta ba da makulli. Ta taso daga wajen masallaci, ta taka birki tun da nisa, ta sauke giya. Da samarin suka ga gudun da take yi sai suka sa ihu, "Wooo! Amalanke!" Suka sauke wayoyinsu, don babu abin ɗauka.

Ta shiga kwanar, wadda ke karyawa dama, kwantena tana tare da ita a ciki. Tana tsakiya sai ga wata kayayo, mai dakon kaya, ta fito daga bayan kwantenar, babban kwano cike da naman layya a kanta, goyo a bayanta. Matar ta riga ta kai tsakiyar hanya, daidai inda tayar Kausara ta nufa. Ta ga babur, ta daskare.

Yatsun Kausara suka kai wa birkin gaba cafka da kansu. Ta hana su. Hagu gwata ne da jama'a. Ta fizge idonta daga kan matar, ta kafa shi a ɗan sararin da ke tsakanin goyon da bangon kwantena, ta tura hannun dama da ƙarfi. Duniya ta karkace. Kwalta ta taso kusa da gwiwarta har tana ganin tsakuwoyinta ɗaya-ɗaya, ta ji ƙiiii a ƙarƙashin ƙafarta, wani zafi-zafi ya fallatsa mata a idon sawu. Tayoyin nan biyu, tafin hannu gaba, tafin hannu baya, suka riƙe. Ta ga ƙafar jaririn ta wuce ta gefen madubinta na hagu. Sai ta ɗan murɗa mai, babur ya miƙe.

Ta tsaya. Wurin ya ɓarke da ihu. Kayayon ta zauna a bakin titi tana salati, kwanonta bai ko zube ba. A kwalta akwai sabuwar karta fara, doguwa, ta fi duk na wurin lanƙwasa.

Taufiq ya rugo ya kama kafaɗunta. "Kun gani? Ƙanwata ce! Wa ya ce tsoro?"

"Ta yi paa, ta yi sosai," in ji Sha'aban, yana girgiza kai. "Ban taɓa ganin tartsatsi irin wannan ba. Wa ya ɗauka?"

Aka dubi juna. Babu wanda ya ɗauka.

"To ba matsala. Madam, koma ki maimaita. Wannan karon da gudu, mu samu a waya. Sai sauran su biyo."

Kausara ta cire hular kwano. Ta dubi yaran nan uku da ke jira a wajen masallaci, idanunsu sun firfito da sha'awar abin da suka gani.

"Ciyaman, da na shigo a kwance yadda ka ce, da me zan kauce mata?"

"Za mu tare hanya."

"Ka tare ruwan goron ma? Ka tare yashin? Wancan mai silifan, in tayarsa ta zame, cikin mutanen nan zai shiga. Ba zan maimaita ba. Kuma kar a rubuta wannan a ce na sa hannu."

"Kausara," in ji Taufiq, "kin fa riga kin yi. Sau ɗaya kawai. Don ni."

Ta zare makullin, ta kamo hannunsa ta sa masa a tafi, ta naɗe yatsunsa a kai. Ta rataya hular kwanonta a gwiwar hannu ta bi ta cikin jama'a da ƙafa. A can baya, kusa da teburin mai goro, Baba Boukari yana tsaye. Ya dube ta, ya ɗaga yatsa ɗaya, ya nuna kansa, ya ɗaga ɗaya kuma, ya nuna ta: kartarsa ɗaya, tata ɗaya.

Ba a fasa sa hannu ba. Yaran uku sun yi a ranar, Allah ya tsare, an yi musu tafi. Ƙungiya ta sauke Taufiq daga mataimaki saboda ya kawo wadda ta ƙi bin umarni, shi kuma ya sayar da babur ɗin kafin watan ya ƙare. Yau wata takwas ke nan Kausara tana fita tun da sassafe ta bi layin trotro, hular kwanonta tana rataye a ƙusa a ɗakin Mma. Ta rasa babur, ta rasa ƙungiya, kuma yayanta da suke ciki ɗaya, in sun haɗu a ƙofar gida, sallama kawai yake amsa mata.