Yarinyar da Aka Zura ta Tagar Bas

"Mama, me ya sa mutumin can mai ƙaton tumbi yake jefa ƙazamin hankicinsa cikin bas? Kwandon shara ne?"

Ishwari shekararta biyar, muryarta kuwa ta mai tallan kifi ce. Mai tumbin ya ji, ya waiwayo. Manjiri ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ja 'yar tata jikin zanenta na sari, ta raɗa mata cewa ba shara ba ce, kama wuri yake yi. Duk wanda ya zura hankici ta taga ya faɗa kan kujera, kujerar tasa ce, ko da shi ne ƙarshen shiga. Haka ake yi a tashar garinsu tun kafin a haifi Manjiri. Wani lema yake jefawa, wani jarida, ta taɓa ganin wanda ya jefa takalmi wari guda ya shiga yana ɗingishi.

Ran nan su uku ne, ita da Ishwari da surukinta, wanda kowa a gidan ke kira Ajoba, wato kaka, saboda haka jikarsa ke kiransa. Bikin sunan ɗan ƙanwar Manjiri za su, a can ƙarshen gunduma, tafiyar sa'a guda a bas mai lamba arba'in da biyu. Ajoba gwiwarsa ta hagu ba ta yarda da tsayuwa, don haka dole a sami kujera. Bas na farko ya zo, ya jefa hankici ya faɗo ƙasa. A na biyu hankicin ya shiga, amma wata tsohuwa ta zauna a kai ta rantse ita ba ta ga komai ba. Suka sauko. Ajoba ya dinga ƙunƙuni cewa mutanen yanzu ba su san darajar hankici ba.

Da na uku ya shawo kwana, allonsa na gaba ɗauke da arba'in da biyu ɓaro-ɓaro, Manjiri ta ɗora kwandon alawar laddu a ka ta nufi ƙofa, ta bar yarinyar a hannun kakanta. Tana cikin turereniya ta ji muryarsa a baya yana ce wa Ishwari:

"Hankici ba shi da baki, ke kuwa kina da shi har ya yi yawa. Zauna nan, kada ki tashi wa kowa sai kin gan ni."

Ta juyo, ƙafafun Ishwari kawai ta gani da farar safa suna shigewa ta tagar baya. Kafin ta buɗe baki fasinjan ƙarshe ya sauka, kwandastar ta ja ƙofa ta rufe, ta miƙa hannu ta cire allon nan ta kife shi. Direba ya ja mota ya fice daga tasha, ba fasinja ko ɗaya, sai ƙura.

Manjiri ba ta yi kuka ba, ba lokacinsa. Ta dire wa Ajoba kwandon a hannu, ta ce masa kada ya motsa daga inda yake, ta tattare sari ta ruga rumfar mai kula da tasha. Wani siririn dattijo ne mai suna Gaikwad, usur rataye a wuya, gabansa faffaɗan jadawali da ya sha shayi har ya canja launi. Ya saurare ta, ya tambayi lambar da ke rubuce a jikin motar. Ta ce ita arba'in da biyu ta gani. Ya girgiza kai ya ce wannan ai lambar hanya ce, allo ne kawai, da safe yana kan wannan mota da rana yana kan waccan. Motar da ta shigo ba lalle ita ce za ta koma ba. Ya bi jadawalin da yatsa, ya ce ta goma da minti arba'in ce, direbanta tun asuba yake tuƙi, ya gama nasa zangon, za ta gareji a ba ta mai a wanke ta kafin wani direban ya karɓa.

"Garejin yana ina?"

"Kilomita uku. Kwantar da hankalinki, ƙanwata, ba ta tsayawa ko'ina a hanya. Wa ya saka yarinya ta taga?"

Ajoba, wanda aka ce kada ya motsa, yana tsaye a bayanta da kwando. Ya duƙar da kai yana duban laddu.

Gaikwad ya buga wa maigadin gareji waya, ba a ɗauka ba. Ya buga wa kwandastar, ashe ta riga ta sauka a ƙofar gareji ta tafi miƙa tikitinta, ta kuma rantse ta leƙa motar ba ta ga kowa ba. Manjiri ta san dalili, kan Ishwari bai kai tsawon bayan kujera ba. Ta tuna garejin da ta taɓa hangowa, manyan motoci suna ja da baya, ga ramukan da makanikai ke shiga. In yarinyar nan ta sauko neman uwarta fa?

Gaikwad ya busa usur ya tsayar da wani bas da shi ma ya gama zangonsa, ya ce wa direban ya ɗauki matar nan ya kai ta gareji, kada ya tsaya shan shayi. Direban ya yi ta ba ta baki a hanya, yana cewa a shekararsa ashirin yana aiki sun tsinci akuya a mota, sun tsinci haƙoran roba, sau ɗaya ma ango yana barci, kuma duk an mayar wa masu su. Ba ta yi dariya ba, amma ta ji daɗin da bai yi shiru ba.

Tun daga ƙofar gareji ta hango taro a wurin wanki. An kashe tiyo, ruwa na ɗiga. Masu wanki biyu, makanike da baƙin hannu, kwandastar, har da manajan gareji da alƙalami a kunne, duk sun kewaye taga ɗaya. Ashe da suka fara feshin ruwa sai wata murya daga ciki ta ce musu kujerar Ajoba ce, kada wanda ya jiƙa ta. Tun daga nan suke lallashi. An kawo biskit ta karɓa, an kawo shayi da madara ta sha, amma batun tashi, a'a.

Manjiri ta haye motar ta rungume ta har yarinyar ta ce ana matse mata ciki. Ta duba hannu, ta duba ƙafa, ba ko ƙwarzane. Ta ce to su sauka.

"Ajoba ya ce sai na gan shi."

"Ni ce uwarki, Ishwari."

"Ai ba ke kika ba ni ajiyar kujerar ba."

Makaniken ya juya baya kafaɗunsa na rawa don dariya. Manajan ya duba agogo, ya ce motoci uku na layi a bayan wannan suna jiran wanki, in aka ƙara minti goma jadawalin rana duka ya wargaje, kuma shi za a kira daga ofishin gunduma. Manjiri na iya sunkutar yarinyar ta fita da ita tana ihu, ta ma kai hannu. Sai ta tambayi manajan wace mota ce za ta yi arba'in da biyu na sha ɗaya da rabi. Ya nuna wata can gefe. Ta ce, to tunda allo ne kawai, me zai hana a ɗora shi kan wannan, waccan ta shiga wanki?

Ya dube ta, ya ciro alƙalami daga kunne, ya soke layi biyu a takardarsa. Ya ce wannan ta sha mai, ƙurarta kuwa fasinja sun saba. Ya buga wa Gaikwad ya gaya masa canjin. Kwandastar ta juya allon da kanta, ta ɗan ja kumatun Ishwari ta ce ran da ta girma ta zo a ba ta aikin gadin gareji.

Haka suka koma tasha, su biyu a cikin bas guda. Hankitai suka yi ta shigowa ta tagogi kamar tantabaru. Ajoba ya shigo a hankali yana jan gwiwa, Ishwari ta tashi ta ba shi wuri ta haye cinyarsa. Ya gyara zama, ya dubi na kusa da shi ya ce, "Ka gani ko? Dabarata ta yi."

Manjiri ba ta taɓa ɗaga wa surukinta murya ba, ran nan ma ba ta ɗaga ba. Ta sunkuya ta ce, "Baba, gwiwarka a kaina take, zan tsaya layi tun safe in nemo maka kujera. Amma in ka sake ɗaga 'yata sama da kafaɗarka a tashar nan, ɗanka zai ji, kuma Inna za ta ji." Da ya ji an ambaci matarsa sai ya buɗe kwando ya miƙa wa jikarsa laddu, ya mai da ido kan taga. Sun isa bikin ana gab da raɗa suna.

Abin da ya dami Manjiri shi ne mutane da yawa a tashar sun ga an zura yarinya an kuma sami kujera, ba su ga ramukan garejin ba. Don haka ke mai karatu, uwa ce ke ko yaya, kai ma uba ko kaka, ku ji da kyau: bas ɗin da ya shigo tasha ba ku san inda zai nufa ba sai an buɗe ƙofa an ce ku hau. Ku jefa hankici, ku jefa lema, ku jefa takalmi in kun ga dama. Kada ku kuskura ku saka yaro a motar da ƙafarku ba ta riga ta shiga ba.