Ba Wanda Ya Taɓa Keken Jatau

Luba ce da kanta ta turo keken har ƙofar gida, ta jingina shi da bango, ta tsaya a bakin zaure mayafinta rabi a kai rabi a kafaɗa. Ni ina bayanta, riƙe da gwangwanin maganin shaƙa da ya ƙare. Daga cikin gida ana jiyo numfashin mijinta Jatau, wani siririn fito kamar na buta a kan wuta.

Mazan layinmu na zaune a benci ƙarƙashin dogonyaro, bayan la'asar, kafaɗa da kafaɗa.

"Don Allah ɗayanku shi hau shi tai Sabon Gari," in ji Luba. "Kyamis ɗin Abdulrahman na buɗe. Wanga gwangwani kawai za a nuna mai, ya san shi."

Babu wanda ya motsa. Ashiru tela ya dubi keken, ya dubi yatsun ƙafarsa. Malam Sahabi, wanda shi ne babba a layin kuma shi ke jan mu salla, ya gyara zama ya ci gaba da jan carbi.

Ni Delu ce, katanga ɗaya ta raba gidana da na Luba. Mijina direba ne, kuma tun da aka rufe hanyoyi saboda korona motarsu ke tsare a Tsafe. Da yana nan, da wannan labari bai kai ga kunnenku ba. Unguwarmu tana can bakin gari, ta hanyar Bungudu. A lokacin babu Keke Napep a titi, masu mashin kuwa kowa ya tura nasa ɗaki ya rufe da tabarma, don wanda aka kama da shi sai ya manta kamanninsa. Keken Jatau kaɗai ya rage yana yawo.

Tsohon keke ne baƙi, irin mai kariyar ɗora kaya a baya, kuma kafin wannan annoba ba na Jatau ba ne shi kaɗai. Wanda zai kai niƙa shi zai ɗauka. Wanda matarsa ta fara naƙuda shi zai hau ya kira ungozoma. Ashiru ma har sallama ya daina yi, sai dai ya leƙa zaure ya ja abinsa ya tafi sayen zare, ya dawo da taya a sace, Jatau ya yi faci bai ce uffan ba.

Da aka ce kowa ya zauna gida, Jatau bai zauna ba. Yana da 'yar gona a Furfuri, damina ta ƙarato, shara ba ta jiran dokar kowa. Kullum da safe sai ya ɗaura takunkumin da Luba ta ɗinka masa da ragowar atamfa, ya hau keke ya bi ta bayan gari. In ya dawo sai ya kaɗa ƙararrawa sau biyu a ƙofar gida, Luba ta tare shi da moɗar ruwa. Mutanen benci suka fara gunaguni, wai yana fita yana kwaso musu cuta. Shi kuwa dariya yake yi. Ya ce musu shi kaɗai yake tafiya a fili, daga shi sai iska sai awaki, su ne dai suke wuni a jere suna shaƙar numfashin juna suna karɓa-karɓar moɗa ɗaya. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi musu zafi.

Sai kuma ga tarinsa. Wannan tari kowa ya san shi tun ba yau ba. Asma ce ta kama shi tun yana aiki a injin gurzar auduga, yaran layi ma har kwaikwayonsa suke yi. Amma da korona ta zo, sai tarin da aka saba da shi ya koma sabo a kunnen mutane. Ana cikin haka Ashiru ya ji a rediyo wai cutar tana maƙalewa a jikin ƙarfe ta daɗe ba ta mutu ba. Ya kawo labarin benci da zafinsa. Daga ranar, in Jatau ya jingina keke a ƙofar masallaci, sai ka ga manyan mutane da gemu suna kewaye shi kamar an ɗaure kare.

Ranar da nake ba ku labari, ya je ya ƙona tattakar karan dawa a gona, iska ta juyo masa da hayaƙin. Da ƙyar ya kawo kansa gida. Ya girgiza gwangwanin, ya matsa, ya sake matsawa, babu komai a ciki. Luba ta ƙwala mini kira ta kan katanga. Muka jiƙa masa tsumma, muka yi masa fifita, muka zaunar da shi ya dafa turmi. Leɓɓansa suka fara sauya launi. A keke, zuwa Sabon Gari da dawowa ba wani abu ba ne ga namiji mai ƙafa. A ƙasa kuwa tafiya ce mai nisa, kuma ƙirjin nan ba zai jira ba.

To, shi ne muka fito.

Luba ta sake roƙo. Ta kira Ashiru da sunansa, abin da ba ta taɓa yi ba a gaban maza. Ya ce shi yana da ƙananan yara, kuma ba ya jin daɗin gwiwarsa. Na ce masa gwiwar ba ta ciwo ranar da ya hau keken nan ya je kallon ƙwallo. Na ce in ƙarfen suke tsoro, ga omo ga ruwa, yanzu zan wanke shi a gabansu tun daga kai har taya. Na ce su sa leda a hannu. Wani ya ce ai sirdin ma ya zauna a kai. Na ce to wani ya ruga da ƙafa. Aka ce jami'an tsaro na dukan masu yawo.

Malam Sahabi ya ɗago kai a hankali.

"Delu, ki rage murya, ke mace ce. Mun hwaɗa mai shi zamna gida, bai ji ba. Ku koma ciki ku yi mai addu'a, mu ma muna yi."

Wallahi ban taɓa jin na tsani mutum kamar yadda na tsani dattijon nan a wannan lokaci ba. Addu'ar da ya ambata ce ta fi ƙona mini rai, don a bakinsa ta zama ƙofar da ya rufe mana.

Luba ta dubi keken. Ni da ita babu wadda ta taɓa ɗora ƙafa a kan feda, don a nan ba a koya wa 'ya mace hawa. Ta juya ta shiga gida, na bi ta. Muka kama Jatau, ita a dama ni a hagu, muka fito da shi yana jan ƙafa. Da mazan suka ga mun nufo waje da shi, sai benci ya watse. Wasu suka koma bakin masallaci suka tsaya suna kallo, hannuwa a baya.

Ɗora babban mutum a kan keke ba wasa ba ne. Sau biyu keken yana zamewa. Daga ƙarshe muka zaunar da shi a sirdi, ya kife ƙirjinsa a kan hannun keken, ƙafafunsa na reto. Luba ta riƙe gaba tana turawa, ni na rungume ƙugunsa ta baya. Ban damu da wanda ya ga na riƙe mijin wata ba.

Titi fayau, babu kowa. Shaguna a rufe, kwalta na mayar da zafin rana. Feda tana juyowa tana bugun Luba a ƙwauri, har na ga jini ya ɓata mata gefen zane, ba ta ko duba ba. Wata mata da ke shara a ƙofar gidanta ta hango mu, ta ja ɗanta ciki ta turo ƙyaure. A shingen jami'ai, wani mai kaki ya ja da baya, ya ɗaga igiyar da bakin sandarsa, ya kau da fuska har muka wuce. Bai doke mu ba, bai kuma tambaye mu komai ba.

Akwai wata gangara kafin a shiga Sabon Gari. Muna kaiwa kanta keken ya fara fin ƙarfinmu, yana jan Luba da gudu. Sai na ji Jatau ya yi magana, muryar can ƙasa, kalma ɗaya-ɗaya tsakanin fito.

"Birki, Luba. Na hagu. Matsa a hankali, kar ki hwaɗi."

Ta lalubo ta matsa. Keken ya lafa. Ta ce masa, "Na riƙe, Malam. Mun kusa."

Muka sauka gangarar lafiya. Daga nan na ji ya ƙara nauyi a hannuna, fiton kuma ya yi shiru. Na ɗauka sauƙi ne ya samu, har na ce wa Luba numfashin ya daidaita. Muka ci gaba da turawa, tana yi masa magana, tana gaya masa ga kwanar masu kifi, ga rumfar mai shayi, saura kaɗan.

Abdulrahman mai kyamis ya hango mu tun daga nesa. Ya san keken, ya san mai shi. Kafin mu ƙaraso ya fito da sabon gwangwani a hannu, yana ɓare kwalin. Ya ɗago kan Jatau, ya sa yatsu a wuyansa, ya daɗe a haka. Sannan ya mayar da gwangwanin aljihu.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ku sauke shi, Inna."

Luba ba ta saki birkin ba. Sai da na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

Abdulrahman ne ya samo mai kurar ɗaukar kaya aka mayar da gawar gida, shi kuma da kansa ya turo keken a bayanmu da hannunsa. Ya tsaya a ƙofar gida ya gaya wa duk wanda ke kusa cewa asma ce, shekara da shekaru yana sayar masa da maganinta. Suka gyaɗa kai daga inda suke. 'Yan'uwan Jatau suka tako da ƙafa daga Furfuri, su suka yi masa wanka, su suka ɗauki makara. Mutanen layinmu sun yi salla, ban hana su wannan ba, amma sahunsu daban, can baya, kuma daga nan kowa ya koma benci.

Keken ya zauna a jingine a ƙofar gida, rana na dukansa, raɓa na sauka a kansa.

Ranar addu'ar uku, bayan an shafa fatiha baƙi sun fara tafiya, na fito daga gidan Luba zubar da ruwan wanke-wanke. Sai na ga Ashiru tsaye a gefen keken, yana matsa tayar baya da babban yatsa. Na tambaye shi me yake nema. Ya ce zare ya ƙare masa, kuma ai yanzu rana ta gasa ƙarfen, ko da akwai wani abu ya mutu. Na aje bahon. Na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa ɗa namiji ba, na haɗa da gwiwarsa da 'ya'yansa. Ya tsaya yana murmushin kunya, amma hannunsa bai bar keken ba.

Daga benci Malam Sahabi ya ce, "Bar shi shi ɗauka, Delu. Marigayi bai taɓa hana kowa ba."

Na koma ciki. Luba na zaune a tabarma a tsakar gida, cikin mayafin takaba, ƙwaurinta ɗaure da tsumma. Ban gaya mata ba. Na zauna kusa da ita na jawo tiren shinkafa ina tsincewa.

Can sai ƙararrawar keken ta kaɗa a bayan katanga, sau biyu, Ashiru na korar awaki daga hanya. Luba ta ɗago kai. Ta dafa ƙasa ta yunƙura, ta kai hannu ga moɗar da ke kan randa. Ta tsaya a haka, a rabin tashi, har ƙarar ta yi nisa. Sannan ta koma ta zauna, moɗar a cinyarta.