Saƙo ta Bakin Saniya

Ranar da saniyar Sauda ta faɗa tsohuwar rijiyar bayan garin Turawa, mijinta Ɗanmaliki da takalmi ɗaya ya iso wurin. Saniyar nan ita kaɗai mahaifiyar Sauda ta bar mata, ga ta da ciki. Idan ta karye, sai wuƙa.

Jama'a sun riga sun gindaya gungume a bakin rijiyar, an zarga igiyar rama ɗaya an ɗaure saniyar, wadda ke tsaye cikin laka tana harbin iska. Mai ba da umarni kuwa Hammawa ne, mahaifin Sauda.

Ɗanmaliki ya yi makarantar fasaha, kuma ba ya bari a manta. Ya tsuguna, ya gwada kaurin igiyar da yatsa, ya kama zane a ƙasa da tsinke. Ya raba nauyin saniyar da faɗin bakin igiyar, don ya ga abin da zai hau kan kowane ɗan sili. Amsar ta ninka ƙarfin rama kusan sau uku.

To, amma wa zai gaya wa? Tun da aka ɗaura aure bai taɓa haɗa ido da surukinsa ba. Ko a kasuwar Rogo ya hango shi, bayan buhunan gyaɗa yake ɓuya. Ga shi har an fara "Bismillahi, ku ja!"

Sai bawan Allah ya rarrafa bakin rijiya, ya leƙa, ya kwarara murya: "Ke saniya! Wallahi igiya ɗaya ba za ta ɗauke ki ba, tsinkewa za ta yi a rabi!"

Hammawa ya shafa gemu, ya juya baya, shi ma ya leƙa rijiyar.

"Fure," ya kira saniyar, "tambayi mai maganar, nawa za su ɗauka?"

Ɗanmaliki ya sake leƙa rijiyar: "Gaya wa Baffa huɗu, a ja su daidai!"

Dariya ta kayar da rabin masu ja, amma aka kawo huɗun. Igiyoyi suka miƙe suna ƙara, Ɗanmaliki na salati, har Fure ta fito baƙa ƙirin da laka, ƙafafunta lafiya lau. Murna ta sa Ɗanmaliki ya rungume saniyar yana tsalle, Sauda na guɗa tana hawaye.

Hammawa ya kama kunnen saniyar, ya sunkuya.

"Fure, gaya masa ashe 'yata ta yi miji. Ya biyo mu gida, akwai fura."