An Ƙara wa Tsohuwa Doki

Ka ga hayaƙin nan, kada ka ce ba ka gani ba. Kana tsaye a bakin titi bas ɗin ta wuce tana aman baƙi kamar an cinna wa taya wuta. Ka toshe hanci, ka kau da kai, ka ci gaba da latsa wayarka. To, ga abin da ka ƙi kallo.

Sannu-Sannu na tsugune a gareji yana kallon makaniki ya zura kai cikin injin. 'Yan tasha ne suka laƙaba masa sunan, don bai taɓa tsere da kowa a kan titi ba. Bas ɗin kuwa Tsohuwa ake ce mata, ta yayan matarsa ce, kuma da ita Sannu-Sannu yake ci da gidansa.

Makanikin, wanda ba ya amsa kira sai an ce Injiniya, ya riga ya ɗaura wa injin turbo na gwanjo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi. Ya cire matatar iska ya jefar, wai don Tsohuwa ta numfasa. Yanzu ya kai kan famfon dizal, inda wata 'yar waya mai ɗigon dalma ta ɗaure wata ƙusa.

"Wannan dalmar fa?" in ji Sannu-Sannu. "Ba don ado masu ƙera ta suka sa ba."

"Don rowa suka sa," in ji Injiniya. "Dawakai ne a ɗaure a ciki. Ni kwance su zan yi."

Ya datse wayar da filaya, ya murza ƙusar.

Sannu-Sannu ya juya wajen mai motar, wanda ke zaune kan benci yana fifita. "Yaya, tunda an ƙara mata doki, a ƙara mata linzami. Birkin nan sai na taka har ƙasa yake ji."

"Birki tsayar da mota yake yi," in ji Yaya. "Mu tafiya muke nema. Sababbin motocin nan suna kwashe fasinja a gabanka kana musu sallama. Ko so kake ƙanwata ta dawo gidana da 'ya'yanka?"

Sannu-Sannu ya ɗauki matashin da matarsa ta ɗinka masa saboda ciwon baya, ya kakkaɓe, ya hau kujerarsa.

Tsohuwa ta tashi da wata murya da bai san ta da ita ba. Da ya taɓa totur sai ta zabura. Kafin rana ta take, ya wuce sababbin motoci da dama, fasinjoji kuma sai murna.

"Yau dai direba ya karya kumallo," in ji wani mai jaka a hammata.

"Ashe tsohuwar tana da sauran rawa," wata mata mai kwandon kaya ta ce, aka yi dariya.

Shi bai yi ba. Kunnensa na kan wani siririn fito da ke fitowa daga murfin injin da ke gefensa.

A gangaren da ke sauka zuwa kasuwa ya ɗage ƙafa daga totur. Injin bai sauka ba, ƙaruwa ma ya yi. Ya murza makulli ya kashe. Injin bai mutu ba. Turbon ya ɓalle yana ɗura masa baƙin mai, shi kuma yana sha yana ƙara haukacewa. Ba ruwansa da makulli.

Sannu-Sannu ya cire giya, ya taka birki har ƙasa. Birkin ya ji, amma kamar mai jin kira daga nesa. A ƙasan gangaren mata ne da yara suna tsallaka titi. Ya karkata sitiyari ya manna gefen Tsohuwa da katangar magudanar ruwa, ƙarfe na kuka, tartsatsi na tashi, har ta tsaya, saura kaɗan ta kai ga teburin mai lemo.

Injin na ta kururuwa kamar zai tarwatse. Hayaƙi ya cika motar, mutane sun cushe a ƙofa suna salati, babu mai iya fita. Ya fizge murfin, ya zaro matashin daga bayansa, ya danna a bakin iskar da Injiniya ya bari a buɗe. Ƙarfen mai zafi ya kama fatar hannunsa. Bai saki ba sai da Tsohuwa ta shaƙe, ta yi tari, ta yi shiru.

Mai jaka ne ya fara magana bayan ya sauka.

"Ka ga ya makarar da mu. Waɗannan direbobin ba su da tarbiyya."

Wata bas ta tsaya, suka ɗunguma ciki. Babu wanda ya dubi hannunsa.

Yaya ya iso da Injiniya. Ya zagaya motar, ya daɗe yana shafa inda fenti ya goge.

"Laifin ƙafa ne," in ji Injiniya. "Bai saba da doki ba."

"Ba ni makullin," in ji Yaya. "Ka je gida ka huta. Dama gudun ba naka ba ne."

Sannu-Sannu ya miƙa da hannun hagu. Ya tsinci abin da ya rage na matashin, ya tafi a ƙafa, yana tunanin wanda zai fara nuna wa matarsa, hannun ko matashin.

An sake wani turbon gwanjo. An yi fenti. An samu direba mai zafin ƙafa. Birkin yana nan yadda yake.

Gobe Tsohuwa za ta tsaya a gabanka, kuma kana sauri, na sani. Kada ka shiga ka zauna kana yaba gudu. Tsaya a bakin ƙofa, ka ɗaga murya yadda na kujerar baya zai ji, ka tambaya wa ya duba birkinta. In ba a ba ka amsa ba, kada ka matsa daga ƙofar.