Farfesun Hashimu

Da tukunyar farfesu a hannu na shiga zauren mai unguwa. Na dire ta a gabansa, romo ya fantsalo kan tabarma.

"Inna Mairo, lafiya?"

"Da lafiya za ka gan ni tsakiyar maza? Ƙarar Hashimu na kawo, ga shi nan a gefenka."

Hashimu ƙanin mijina ne. Tun da yayansa ya rasu, ko tsintsiya ba a ɗagawa a gidanmu sai da izininsa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, autana Muntaka tsakuwar ƙoda ke cinsa. Ni na raka shi asibiti Kano. Ban yi boko ba, amma kunnena ba a toshe yake ba. Likita ta ce tasa tsakuwar tsamin fitsari ke haɗa ta. Akwai dattin da nama ke bari a jiki, in fitsari ya yi tsami ba ya narkewa, sai ya dunƙule kamar yadda ruwan tsami ke kama awara. Ta ba shi maganin kashe tsamin, ta ce ya yi ta shan ruwa, ya bar kayan ciki, tsakuwar za ta narke ba sai an sa wuƙa ba. Yaro ya fara samun sauƙi, har ya leƙa gona. Na tafi suna Minjibir, na dawo na tarar wannan bawan Allah ya kwashe maganin ya kulle a ɗakinsa, yana ɗura wa yaron farfesun ƙoda da hanta safe da yamma."

Hashimu ya gyara hula. "Yaya, ƙoda ke ciwo, ƙoda za a ci, haka muka taso muka gani. Kuma maganin da zai narkar da dutse, me zai bar wa hanji?"

Wasu suka gyaɗa kai. Na kwance bakin zanena na fito da siririyar takardar da likita ta ce a riƙa tsomawa a fitsarinsa.

"Lokacin da yake shan magani koriya take komawa. Dubi ta yau, ruwan goro."

Hashimu ya ja da baya. "Fitsari kika kawo mana zaure?"

"Na ɗan yayanka ne. Ba ya cizo."

Mai unguwa ya fara zancen a yi haƙuri, zumunci ya fi komai. Na ce ba haƙuri na zo karɓa ba, makulli na zo karɓa.

Muna cikin haka Zakiyya matar Muntaka ta tsaya a bakin ƙofa, mayafi a karkace.

"Inna, tun safe fitsarin ya ƙi fita. Yanzu amai yake, jikinsa kamar garwashi."

Dama likita ta gaya mana in an kai nan, ba a jira.

Mai unguwa ya miƙe. "Hashimu, je ka tayar da a-kori-kurarka. Ka ɗauko maganin ku tafi da shi."

"Ai na yi alkawarin kai wa wani gyaɗa..."

"Sauke ta."

Muka shimfiɗa wa Muntaka katifa a baya, Zakiyya ta tallafe kansa. Hashimu ya buɗe mini gaba. Na ce ya rufe abinsa, na hau baya wajen ɗana.

Kafin mota ta tashi na kira mai unguwa. "Ranka ya daɗe, ƙarata tana nan. Ban janye ba."